Takardar da Aka Rufe wa Suna

Duk wanda ya san Malam Hambali na Kura ya san labarin takardarsa, ko yana so ko ba ya so. Ka zauna da shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ka ɗauko maganar tsadar taki ko tsutsar tumatir, wallahi kafin shayinka ya huce ya karkato da kai zuwa shekarar da shi da wani likita suka bi ƙauyukan bakin kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, suna ƙirga yaran da tsargiya ta kama. Ma'aikacin lafiya ne a lokacin, a wani ɗan asibiti da ke hanyar Kadawa, yana yawo a kan babur ɗin da sai an tura yake tashi. Aikin nasu ya fito a wata mujallar likitoci, sunan likitan a gaba, nasa a baya. Ita kenan takardar da ya taɓa bugawa a duniya, amma yadda yake ji da ita sai ka ce ɗan fari.

Yanzu ya tsufa, hawan jinin ido ya cinye masa gani, sai dai ya bambance rana da inuwa. Takardar tana ƙasan akwatin ƙarfe, an naɗe ta a leda, shi kansa ya daina iya karanta ta.

'Yarsa Rauda ita ce ta gaje shi, har ta wuce. Likita ce a Kano, tana ƙarin karatu a fannin lafiyar al'umma. Aikin da malaminta Dakta Isiyaku ya ɗora mata a shekarar 2006 ba na shiga ƙauye da kwalabe ba ne. Cewa ya yi ta nemo duk wani bincike da aka taɓa bugawa a kan tsargiya a wuraren noman rani na Arewa, ta tace su da rariya ɗaya, ta haɗa waɗanda suka tsira, a ga gaskiyar yawan cutar, don in an je neman magani ga yara a je da hujja a hannu. Kuma mutumin nan, Allah ya yi shi da tsantseni. Ya ce sai an rubuta ƙa'idojin tacewar tun kafin a taɓa kwamfuta, don kada mutum ya ga abin da yake so sannan ya ɗinka masa riga. Rauda da kanta ta rubuta su, har tana jin daɗin tsaurinsu. Ɗaya daga ciki ta ce ba za a karɓi bincike ba sai wanda aka ga ƙwan tsutsar a madubin likita. Jinin da aka gani da ido a fitsari, ko abin da yaro ya faɗa da bakinsa, bai isa ba.

Neman kuwa ba ƙaramin jan aiki ba ne. Kwamfutocin ɗakin karatun asibiti kaɗan ne, masu jira da yawa, sabis kuma sai ya ga dama. Ka danna, ka tafi ka yi alwala ka dawo, shafin bai gama buɗewa ba. In wuta ta ɗauke kafin a tada janareta, to sai haƙuri, a sake daga farko. Haka Rauda ta yi ta fama da PubMed da sauran rumbunan mujallu. Ta jera duk sunayen da Turawa suke kiran cutar da su, na da da na yanzu, ta haɗa su da sunayen jihohi da madatsun ruwa, ta rage nan, ta ƙara can. In ta sassauta sai dubbai su zubo, har da na kifi da na shanu. In ta matse sai a ce mata babu komai.

Wata Laraba da rana, tana gangarawa cikin ɗaruruwan sunaye ido duk ya yi mata yaji, sai ta tsaya cak. Ga shi nan a tsakiyar allo, tsakanin wani bincike na Misira da wani na Sudan: Hambali. Babu ko taƙaitaccen bayani a ƙasa, suna ne kawai da shekara da lambar shafi. Amma shi ne, Babanta ne.

Allah sarki. Wannan likitar da ake jin tsoron tambayoyinta a taro, sai ga ta tana shafa gilashin kwamfuta da yatsa. Ta fita da sauri ta tsaya a baranda ta kira wayar gida. Innarta Barira ta ɗauka, ta ce, "Lafiya kike haki haka?"

"Inna, ba Baba wayar. Don Allah yi sauri, katina ya kusa ƙarewa."

Da ta ji muryarsa ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. "Baba, na gan ka! Kana cikin kwamfuta. Duk wanda ya nemi tsargiya a duniya zai ga sunanka. Za ka shiga aikina, Baba!"

Can ya ce, "Ikon Allah. Ashe ba ta ɓata ba."

To, a nan fa ta yi gaggawa. Samun takarda a nema daban, tsallake rariya daban, kuma ita ta fi kowa sani. Murna ce ta riga ta magana. Shi kuwa Malam Hambali kafin magariba labari ya zaga majalisa. Abokinsa Baballe, dillalin tumatir, ya riƙe baki ya ce, "Yanzu Malam har a Amurka an san ka, mu muna nan muna raina ka?" Aka yanka zakara. Har sabuwar hula Malam ya sa aka ɗauko masa ya je Juma'a da ita.

Tun daga nan ya zama kamar da shi ake aikin. Duk Asabar in Rauda ta zo gida da tarin takardu, sai ya sa a shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Ita ta karanta masa yadda aka yi kowane bincike, shi ya karkata kai yana saurare, ya yi tambayoyinsa, sannan ya yanke hukunci da babbar murya kamar alƙali: "A saka!" ko "A fitar!" Hukuncinsa ba ya shiga ko'ina, wasa ne tsakaninsu, amma ya haddace ƙa'idojin nan tsaf, kuma ba shi da sassauci ko kaɗan. Farfesoshi nawa ya kora daga kan tabarmar nan yana dariya.

Tasa takardar babu ɗakin karatun da yake da ita, don haka daga akwatinsa Rauda ta ɗauko ta. Ta kai wa sakataren Dakta Isiyaku ya yi fotokofi, ta mayar da ta asalin cikin ledarta. Ba ta karanta ba. Me za ta karanta a labarin da ta sha ji tun tana goye? A ganinta ta san shi ciki da bai.

Tsarin Dakta shi ne, sakatare ya rufe sunayen marubuta da farar takarda kafin ya buga, ya sa lamba a madadinsu, don kada girman suna ya ruɗi mai tacewa. Sannan mutum biyu su tace, kowa shi kaɗai, ba shawara. Rauda ɗaya, ƙawarta Murja ɗaya. Inda suka saɓa, Dakta ne zai raba gardama.

Da Rauda ta iso kan takardar ba ta buƙaci suna ba. Tabon man ja da ke gefen shafin farko ya fito a fotokofin, kuma ta san ranar da ya ɗiga. Ta gyara zama tana murmushi ta fara karantawa, karon farko da idon likita. Kafin ta kai ƙarshen shafi na biyu murmushin ya tafi. Ta koma sama ta sake bi layi-layi, ko ta tsallake wani abu. Ba ta tsallake ba. An tara yara, an karɓi fitsari, an ɗaga kwalabe a hasken rana an duba jini, an yi musu tambayoyi. Babu madubi ko sau ɗaya.

Ta daɗe riƙe da biro. Daga ƙarshe ta rubuta "a saka", ta yi maza ta kife takardar kamar wani yana leƙenta.

Ranar Juma'a suka zauna da Murja suna gwada hukuncinsu. Kusan duk bakinsu ɗaya, sai a nan. Murja ta ɗaga takardar tana dariya.

"Haba Rauda, barci kike da kika sa wannan? Bayin Allah sun yi ƙoƙari, ba a hana su ba, amma a rana fa suka ɗaga kwalba. Ke da kika kori na mutanen Zariya a kan abin da bai kai wannan ba?"

Rauda ta sunkuyar da kai. "Ta Babana ce."

Dariyar ta maƙale wa Murja. Ta ajiye takardar a hankali, ta kama hannun ƙawarta. "Wayyo, ki yafe mini, wallahi ban sani ba." Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Amma ba zan canza nawa ba. Kin san ba zan iya ba."

"Na sani."

"Litinin sai mu kai wa Dakta. Kuma ki gaya masa ta wane ce, kada ya ji a wani wuri."

A motar Kura, washegari da safe, Rauda ta matse a gefen taga tana saƙa da warwara. Abu ne mai sauƙi ai. Ta je wa Dakta da hujja ta ilimi, ta ce ƙa'idar ta yi tsauri, a yankin da cutar ta yi katutu jinin da ake gani da ido ma shaida ne, a buɗe ƙofa kaɗan. Ta iya magana, ta san za ta iya ƙawata ta. Sai dai in ƙofar ta buɗu ba Baba kaɗai zai shigo ba, duk tarkacen da ta kora za su biyo shi, lissafin ya dagule, kuma ita ta san dalilin da ya sa ta buɗe. In kuma ta bari, da wane baki za ta gaya wa tsohon da ya yanka zakara?

Motar ta wuce gonakin alkama kore shar, ta wuce a-kori-kura da aka yi wa lodin kwandunan tumatir har suna rangaji. A kan gadar babban kanal ta hango yara tsirara suna faɗawa ruwa suna ihu, mata a ƙasa kaɗan suna wanki, wani Bafulatani yana shayar da shanu. Nan ne dodon koɗin da ke ɗauke da cutar yake, nan ne kuma daɗin garin yake. Ita ma ta yi wankan nan, ta sha bulala a kansa. Ta kawar da kai, zuciyarta duk babu daɗi.

Ta tarar da shi a tsakar gida, an riga an shimfiɗa tabarmar. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Likita bokan Turai! An iso? Yau su wa za mu kora?"

"Baba, ko ruwa ban sha ba."

"Barira, a ba Likita ruwa, kotu na jira."

Inna ta kawo kunun tsamiya a kofi, tana cewa, "Tun asuba yake tambayata ko na ji ƙarar mota. Ni na rasa wa ya ɗauke shi aikin nan." Ta koma bakin murhu inda take gyaran shinkafa a faranti.

Suka fara. Rauda ta karanta ta farko, wani bincike daga yankin tafkin Chadi. Malam ya tambayi yara nawa, an tace fitsarin ko barinsa aka yi ya kwanta, an duba a madubi? An duba. "A saka!" Ta biyu ta wasu ɗalibai ce da suka raba takardun tambaya a makaranta. "Tambaya kawai? Yaro ai in ka tambaye shi ko yana da ƙaho sai ya ce maka e. A fitar!" Ya yi dariya har da buga cinya.

Ta ɗaga ta biyun za ta ajiye, sai ga tabon man ja a ƙasanta. Ita da ta yi niyyar barinta a Kano, ashe ta biyo tarin. A hankali ta zare ta, ta tura ta can ƙarƙashi, ta ɗauko ta gaba.

"Kin tsallake ɗaya," in ji Malam.

"Na'am?"

"Ido ne ba ni da shi, 'yar nan, kunnena ƙalau. Na ji kin zare ɗaya kin kai ƙasa. Ta wani babba ce kike jin nauyinsa? A tabarmar nan babu babba. Ɗauko ta."

"Baba, wannan ba ta da wani..."

"Ɗauko ta."

Ta ɗauko. Ta yi tunanin ta ƙara kalma ɗaya a cikin karatun, kalma ɗaya tak, madubi, wa zai sani? Amma ba ta taɓa yi masa ƙarya yana gani ba, balle yanzu da ba ya gani. Ta share murya ta fara, da Turancin da aka rubuta ta da shi, kamar yadda ta karanta sauran. An zaɓi ƙauyuka a gefen babban kanal da rassansa. An nemi izinin masu gari da iyaye. An tara yara a inuwar makaranta tsakanin hantsi da azahar, an ba kowa kwalba mai lamba.

Ta saci kallonsa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, kai a karkace kamar kullum, hannu ɗaya a kan gwiwa. Sai dai sautin tsintar shinkafa daga bakin murhu ya tsaya.

Ta ci gaba. An ɗaga kowace kwalba a hasken rana, mutum biyu suka duba, kowa ya rubuta abin da ya gani. An tambayi kowane yaro ko yana jin zafi in yana fitsari, da sau nawa yake shiga ruwa. Ta kai ƙarshen sashen ta tsaya.

"Sun duba a madubi?" Muryarsa daidai da yadda ya tambayi na sauran.

"A'a, Baba."

"Ko kaɗan daga ciki? Ko na gwaji?"

"Ko ɗaya."

"To me ƙa'idarki ta ce?"

Ta kife takardar a kan cinyarta.

"A fitar," in ji Malam Hambali. Bai ɗaga murya ba wannan karon, bai kuma buga cinya ba.

"Baba, taka ce."

"Haba Likita. Tun daga layi na biyu na sani. Ni fa na rubuta ta da hannu sau uku kafin a buga."

Sai hawayen da take riƙewa tun Kano suka ɓalle. Ta ce masa za ta iya gyarawa, za ta yi wa Dakta magana ranar Litinin, akwai hujja, ba ƙarya za ta yi ba, ƙa'idar ce ta yi tsauri tun farko. Ta ce ita ta jawo, ita ta kira shi tana ihu tun ba a je ko'ina ba, ga su Baba Baballe duk sun ji. Maganar tana fita a hargitse, rabi Hausa rabi Turanci.

Ya bar ta ta gama. Sannan ya lalubo kanta da hannu ya dafa, kamar lokacin da take ƙarama in zazzaɓi ya kama ta.

"Da takardar wani ce, za ki je wa Dakta da wannan hujjar?"

Ta girgiza kai a ƙarƙashin tafinsa.

"To. Madubi ɗaya ne a lokacin, yana Kano, kuma ba a ba mu shi ba. Abin da muke da shi rana ce da idanu, muka yi da su. Ban ji kunyarsa ba a lokacin, yanzu ma ban ji ba. Amma yaro yana iya ɗauke da ƙwan nan fal cikinsa fitsarinsa fari tas, mu kuma mu rubuta lafiyarsa lau. Su nawa muka sallama a haka? Allah kaɗai ya sani. In kika zuba lissafina a cikin naki, kin rage yawansu, a je neman magani a kawo wanda bai isa ba." Ya ɗauke hannunsa daga kanta. "Baballe kuwa bar ni da shi. Zakaran ai har da shi aka ci."

Inna ta taso da farantinta ta tsaya a kansu. Idonta ya yi ja, amma bakinta bai mutu ba. "Ni dai a fitar ko a saka, a san cewa ni na wanke kwalaben nan. Kwalaben allura ne ya kwaso mini buhu guda, ina amarya, lallena bai gama fita ba. Sai da hannuna ya yi kanta. Kuma ban ga sunana a ko'ina ba."

Malam ya tuntsire da dariya, Rauda ma ta yi, da hawaye da majina. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta ce, "Baba, waɗanda aka fitar ma ana jera su a ƙarshen aikin. Kowa da sunansa da dalilin fitar da shi."

"Da dalili? Madalla. To ki rubuta shi yadda yake, kada ki yi mini kwalliya."

Ta zaro biro daga jaka. A kan gwiwarta ta soke abin da ta rubuta a Kano, ta rubuta "a fitar" a gefensa, ta sa hannu. Ta ji ciwon abin har cikin ranta, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Ta ɗaga takardar za ta ɗora a kan tarin waɗanda aka kora.

"Tsaya," ya ce. "Saura shafi nawa?"

"Biyu, Baba. Sakamako da sharhi."

Ya jawo matashi ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu, ya juya fuskarsa wajen da muryarta take.

"Hukunci ya riga ya wuce, ba don shi ba. Karanta mini sauran. Tun da aka buga ta ban taɓa jin ta a bakin wani ba."

Inna ta ajiye farantin ta zauna a bakin tabarma. Rauda ta buɗe shafi na uku, ta fara daga sunan ƙauye na farko, a hankali, don kada ta yi saurin gamawa.